Shekarar da Muka Zauna a Tabarma Ɗaya

Ranar da zan ba ku labarinta mu bakwai ne a ɗakin nan na unguwar Wulari. Akwai ni, Ya Zara. Akwai Yagana da Falmata, waɗanda muka fara aikin tare. Akwai Rahila, mutuniyar kudancin Borno, ita ce mai karanta mana. Akwai Maman Chidi, wadda mijinta ke sayar da kayan gyaran keke napep a kasuwa. A garin nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunku. Akwai Babagana, injiniyanmu, yana tsaye a bakin ƙofa kamar wanda ya zo aron turmi. Ta bakwai baƙuwa ce, Hajiya Binta, ta taso daga Abuja a madadin masu ba mu aikin, kuma ta zo ne da niyyar rufe ɗakin.

Ku da aka ɗauka bana, na ji abin da ɗayarku ta faɗa a bakin famfo, wai aikin nan wasan yara ne da wake da zare. Ni ban taɓa shiga aji ba, wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa, kuma sai an karanta mini shi daga farko har ƙarshe kafin ya iso hannunku. Ku karanta a tsanake.

Sana'ata ta farko aike ce. Gwaggona Ya Amsa ita ce 'yar aiken manyan gidajen Lamisula tun ba a san waya ba: saƙon biki, saƙon rasuwa, aron tukunya, sulhun 'yan'uwa. Saƙon da na fara kaiwa ni kaɗai wata Hajja ce ta ba ni da Kanuri, matar da zan kai wa kuwa Hausa kawai take ji. Cewa ta yi Modu ya karɓi shinkafar a hannun Ali, kada a sake ba kowa. Na ɗauki mayafi zan fita, Ya Amsa ta tsayar da ni a zaure.

"Wa ya karɓa?"

"Modu."

"Me ya karɓa? A hannun wa? Wa aka hana?"

Sai da na amsa kowanne ta matsa daga ƙofa. Ta ce kalmomi nawa ne, in sauya su yadda kunnen mai sauraro yake so. Amma wanda ya yi, da abin da ya yi, da wanda aka yi wa, waɗannan ba nawa ba ne, amana ce. Kanuri yakan ajiye aikin a ƙarshen magana, Hausa ta sa shi a tsakiya, saboda haka a hanya sai ka kwance kayan ka sake ɗaurewa, kuma kada ko ɗaya ya faɗi. Na yi wannan har na girma. Daga baya na yi tafinta a ɗakin mata na wani ƙaramin asibiti, tsakanin matan Shuwa da ma'aikatan jinya. A can mahaifiyar Babagana ta san ni, ita ta turo shi gidana.

Ya zo da kwamfutarsa ya zauna a ƙasa, ya yi ta bayani. Abin da na riƙe shi ne wannan. Na'ura ba ta jin magana, lambobi ta sani. Kowace jimla sai ta mayar da ita jerin lambobi, wato ta ba ta mazauni, kamar rumfa a kasuwa. Ana so jimlolin da ke nufin abu ɗaya su zauna kusa da juna, ko da kalmominsu sun bambanta. To idan aka bar ta da hankalinta, zuba kalmomi take yi a buhu ɗaya ta girgiza. "Kare ya ciji yaro" da "yaro ya ciji kare" duk rumfa ɗaya take kai su. Shi kuma yana so ya koya mata ta bi ginin maganar: ta fara haɗa ƙananan da suke tare, ta haɗa su da na kusa da su, har ta kai ga jimlar gaba ɗaya, sannan ta ba ta mazauni. Ba za ta koya ba sai ta ga dubban jimloli da mutane suka rarraba da hannu.

Na ce masa, "Wato tambayoyin Ya Amsa kake so a yi wa ƙarfe."

Bai san Ya Amsa ba, amma ya ce haka ne.

Masu aikin da muka fi daɗewa da su wani layin waya gare su. Mutum ya kira ya bar tambayarsa da murya, kan zazzaɓin yaro, kan akuyar da ta ƙi cin abinci, kan irin da bai tsiro ba. Na'urar ta tara masu kama da juna, ta tura na ciwo wurin ma'aikaciyar jinya, na dabba wurin malamin dabbobi. Idan ta saka magana a rumfar da ba tata ba, uwa na jiran amsa kan ɗanta, tambayarta kuwa tana can a layin awaki. Ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga masu kiran ba. Muryoyinsu na sani.

Kayan aiki kun gan su, amma ba ku san dalilinsu ba. Faifai, saboda saƙarsa tana riƙe abu, farantin ƙarfe kuwa komai gangarawa yake yi. Jan dutsen ado na aikin da aka yi. Ƙwallon dabino na wanda ya yi. Wake na sauran kalmomi, kuma a riƙa shanya shi, in ba haka ba ƙwari su cinye muku rabin jimla. Zaren auduga, ba na roba ba, na roba ba ya kwanciya. Za ki ji maganar sau biyu a abin kunne: farko muryar mai ita, da tarinta da kukan jaririnta, sannan muryar Rahila tana karantawa kalma-kalma. Kowace kalma ki ajiye mata abu ɗaya. Sai ki kewaye waɗanda suke tare da zare, ƙaramin zagaye a cikin babba. In kin gama ki ɗauki hoto. Babagana ya mayar da hoton abin da yake kira bishiya, ko da yake bishiyarsa saiwarta a sama take.

Dokar ɗakin ita ce kunne biyar. Jimla ɗaya, mata biyar, kowace da wayarta da abin kunnenta, kowace a kusurwarta. Inda duka biyar suka dace, jimlar ta wuce. Inda aka saɓa, a ajiye ta sai Alhamis. Na tuna wata mata da ta ce, "Na kai 'yar ƙanwata mai ciki asibiti." Uku suka ɗaura cikin a kan 'yar, biyu a kan ƙanwar. Ranar Alhamis Babagana ya nuna mana bishiyoyin a kwamfuta, babu sunan kowa a jiki, muka yi ta gardama har shayi ya huce, muka sake sauraron inda matar ta ja numfashi. Irin waɗannan jimlolin su ne masu daraja a wurinsa. Ya ce da su ake gane inda magana take da wuya, kuma da su ake gwada na'urar.

Sai shekarar da gari ya daɗe babu wuta. Kun san ta, ba sai na faɗa muku yadda aka sha ba. Janareto ya gagare mu. Ɗan solar da ke kan rufi ba ya ɗaukar fiye da kwamfutar Babagana da waya ɗaya. Masu cajin kan titi kuwa layi har bakin kwalta, kuma ba a yarda wayar aiki ta kwana a hannun wani ba, saboda muryoyin mutane ne a ciki. Babagana ya kawo shawara mai kyau a ganin kowa: a haɗa wayar ɗaya da ƙaramar lasifika, duk mu ji tare. Fanka ba ta juyawa, kusurwoyin ɗakin kamar tanda, sai muka jawo tabarma ɗaya gindin taga muka zauna a kai mu biyar, faifai na gogar faifai.

Aiki ya yi gudu a shekarar nan yadda bai taɓa yi ba. Alhamis ta zo ta wuce babu abin gardama, sai mu sha shayi mu tashi. Na lura da haka. Na ɗauka hannunsu ne ya faɗa.

Mutanen Abuja ne suka gano. Wani a cikinsu ya jera hotunan faifanmu, ya ga biyar ɗin ba su da maraba, har wutsiyar zare. Ni bahaguwa ce, in na kewaye wake wutsiyar zarena hagu take kwanciya. Yagana da Falmata da Rahila da Maman Chidi duk da dama suke cin abinci, amma tun da muka hau tabarmar nan zarensu hagu yake kallo.

Babagana ya zo gidana da maganar. Ya gaishe ni da Kanuri, ya sake gaishe ni da Hausa, ya tambayi ƙafata, ya tambayi jikokina ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ɗan nan, wa ya mutu?" Sannan ya faɗa. Ya ce masu aikin sun ce kunne biyar suka nema, kunne ɗaya aka ba su sau biyar, kuma suna tunanin kai aikin wani gari.

Da gari ya waye na tara su. Na ce ban aiki kowa ta kwaikwaye ni ba, kowace Allah ya ba ta kunne biyu, daga yau kowace ta yi nata, kada in sake ganin faifai biyar iri ɗaya. Suka ce to, Ya Zara. Babu wadda ta ɗaga kai.

Ashe a cikin keke napep, a hanyar Bulumkutu, suka zauna suka raba kwana. Litinin Yagana ce za ta saɓa mini, Talata Falmata, haka har mako ya zagayo. Na ce a saɓa, to ga shi ana saɓawa, bi da bi, babu wadda aka zalunta. Wata rana wani dattijo ya ce a waya, "Ruwa ya ƙare." Maganar da ko ɗan yaye ya san kanta da ƙafarta. Yagana, da yake ranarta ce, ta ɗauki ƙwallon dabino ta kai shi ƙarshe, ta kewaye shi shi kaɗai da zare, ta ɗauki hoto fuskarta a ɗaure kamar mai takaba. Babagana ya ciyar da na'urar aikin waɗannan makonni, ta fito ta fi yadda take a da rikicewa. Shi ya sa Hajiya Binta ta hau jirgi.

Ba ta da hayaniya, matar. Ta cire takalmi, ta zauna a gefen tabarma, ta ce a kunna jimla ɗaya. Aka kunna. Ta ce, "Ya Zara, don Allah ki rufe faifanki da mayafi, ki yi naki a ƙarƙashi." Na rufe. Ina aiki, ido takwas na bin tudun hannuna a ƙarƙashin mayafi. In ya yi hagu, hannuwa huɗu su yi hagu.

Ta ce a kunna wata. Wannan karon ta ce in ɗora hannuwana a cinya, kada in taɓa komai. Muryar wata mata ta fito, doguwar magana kan saniyarta da ta haihu, mahaifa ba ta faɗo ba. Rahila ta bi ta kalma-kalma. Lasifika ta yi shiru. Falmata na riƙe da jan dutse a sama, ta rasa inda za ta ajiye shi. Yagana na gyaran ɗankwali. Matan da suka shekara suna rarraba maganganun da suka fi wannan tsawo, ga su zaune kamar an kawo su yau.

Hajiya Binta ta rufe jakarta. Ta ce ita ba ta zo cin mutuncin kowa ba, amma aikin shekarar nan duka ba zai yi amfani ba, kuma ba ta ga dalilin da zai sa na gaba ya bambanta ba.

Na juya wurinsu. Na ce, "Ke Falmata, na taɓa dukanki?"

"A'a, Ya Zara."

"Na taɓa zagin wata a ɗakin nan?"

Sai Maman Chidi ta ajiye wakenta. Ita dama bakinta ba ya jiran izini.

"Mama, ba duka ba ne. Idonki ne. In na ajiye wake inda ba ki ajiye ba, ba kya cewa komai, sai ki dubi waken, ki dube ni, ki sake duban waken. Wallahi mai gidana da yake faɗa da Ibo da Turanci a haɗe bai kai wannan kallon ba. Ni da na haifi huɗu, sai in ji kamar na fasa tulu."

Yagana ta toshe baki da mayafi.

Rahila ta ce, "Da can, ranar Alhamis, bishiya muke yi wa gardama, ba mu san ta wace ce ba. Sau da yawa na kayar da wata, sai daga baya in ji a jikina taki ce. Amma ga ki ga faifanki, gwiwarki na taɓa tawa, yaya zan yi?"

Falmata ba ta ɗago ba. Ta ce, "A gidanmu ba a ce wa babba a'a yana kallon mutum. Da kika ce mu saɓa, shi ma umarni ne, muka bi."

Ban ga laifinsu ba, kuma har yau ban gani ba. Tarbiyya ce, irin wadda ni ma na ba 'ya'yana. Ba kuma laifin aikin ba ne da yake son kowace ta faɗi abin da kunnenta ya ji. Abu biyu ne masu kyau da ba sa zama a tabarma ɗaya. Ku riƙe wannan, domin shi ne wuyar sana'ar. Sanin inda zare yake bi, wata biyu ya ishe ku. Ajiye wake inda kika ji, alhali wadda ta girme ki ta ajiye nata a wani wuri, wannan wasu har su tsufa ba su iya ba.

Babagana ya ce da wuta ta dawo kowace za ta koma kusurwarta da wayarta. Hajiya Binta ta tambaye shi yaushe wutar za ta dawo. Ya dubi rufi.

Na ce, "In na fita daga ɗakin fa?"

Hajiya Binta ta ce, "Sai su koma bin wadda ta fi girma a cikinsu. Wace ce?"

Aka nuna Yagana.

Falmata ta ɗago kai a karo na farko. "Yagana? Wa ke tsoron Yagana? Wadda ta kai ruwa ƙarshen faifai?"

"Ranata ce!" in ji Yagana. "Ke ranar Talata me kika yi wa akuyar mutane? Ba ke kika mayar da ita mai gida ba?"

Hajiya Binta ta dube su, ta dube ni. Ta ce jirginta sai gobe da rana. Za ta dawo da safe da jimlolin da babu wadda ta taɓa ji. Su huɗu su zauna baya da baya, ni kuma kada a ga ko inuwata a ɗakin. Nawa faifan in yi shi daga baya, ni kaɗai. In ta ga aikin kunne huɗu na gaskiya, ɗaki ya tsaya, a sake aikin shekarar daga farko. In ba ta gani ba, a tattara faifai.

Babagana ya raka ni bakin titi yana ta ba ni haƙuri, wai ni na kafa ɗakin, bai kamata a ce ni ce a waje ba. Na ce ya tsayar mini da keke, rana na dukana.

Washegari na riga kowa zuwa. Na shiga na ɗauki faifaina da gwangwanin wakena, na fito zauren bakin ƙofa, na shimfiɗa buhu, na zauna na ba tagar ɗakin baya. Suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowace ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ban dubi fuskar kowa ba. Hajiya Binta ta shiga. Aka turo ƙofa.

Na ji lasifika. Na ji muryar Rahila. Sai shiru mai tsawo, har na fara jin kukan kurciya a kan katanga. Can na ji wake ya faɗi a faifai, ɗaya, sai wani daga wata kusurwa. Aka kunna ta biyu, aka kunna ta uku. Rana ta hau, mai ƙosai ta kwashe kaskonta.

Da aka gama ɗaukar hotuna aka ce su juyo su duba na juna. Ban san ɗakin nan yana da amo haka ba. Maman Chidi na rantsuwa, Rahila na cewa a sake kunnawa a ji inda mutumin ya tsaya, Yagana ta koma Kanuri saboda Hausa ta yi mata kaɗan. Hajiya Binta ta fito tana jan jakarta, Babagana na biye. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ya Zara, ku fara daga farko. Allah ya ba da sa'a." Na ce amin, Allah ya kiyaye hanya.

Ta tafi, gardama ba ta tsaya ba. Muryar Falmata ce a sama, tana kare zarenta a kan wata jimla da ni ma na ji ta taga, kuma na san sarai ba daidai take ba. Na dafa ƙasa, gwiwata ɗaya har ta tashi. Sai na koma na zauna, na kwance bakin zanena, na ɓare goro na sa a baki, na jawo faifaina ina jiran a kawo mini waya.